Tukunyar Miyar da Na Sa Aka Zubar

Ni duba-gari ne. Shekara goma sha bakwai ina wannan aiki a Kalgo, ina leƙa kwata, ina ɗaga murfin tukwane, ina shinshina nama a mahauta. Iyalina suna Gwandu a gidanmu na gado, ni kuwa ɗaki ɗaya na kama a bayan tasha, sai Juma'a nake shiga mota in je gida. Ba zan ɓoye ba, ina da zafin kai. Idan na saka kakina na doshi kasuwa, masu abinci kan fara rufe kwanuka tun ban ƙaraso ba, kuma abin yana yi mini daɗi.

Sai ga shekarar tantancewa. Wata safiya muka tarar da takarda manne a allon wurin aiki, dogon jerin sunaye, wai duk wanda ya ga sunansa ya dakata da aiki, albashinsa ma ya tsaya, har a gama duba takardunsa. Na matsa don in ga su wa abin ya rutsa da su, sai na ci karo da sunana. Na sake bi da yatsa. Ni! Na daskare a gaban allon nan har wani ya taɓa kafaɗata ya ce, "Malam, ɗan gusa mu ma mu gani."

Da farko sati biyu aka ce. Sati biyu suka zama wata, wata ya zama uku. Kuma ba ka isa ka koma garinku ka zauna ba, don kowace rana ana iya kiran sunanka, in ba ka nan a tsallake ka. Ɗan geron da ƙanena ya aiko daga gona duk na tura Gwandu, can akwai yara huɗu da tsohuwa. Ni a nan na koma garin kwaki da ƙuli-ƙuli, wata rana ma ruwa ne kawai. Amma kullum da safe sai in zuba garwashi a dutsen guga, in goge kakina in saka, in fita kamar ba abin da ya faru. Abu ɗaya na riƙe da ƙarfi, kada wani mahaluƙi a garin nan ya san duba-gari yana yini da yunwa.

'Yan kasuwar Kalgo kuwa suka yi abin da ban taɓa zato ba. Mai shayin bakin tasha ya ce duk ma'aikacin da aka dakatar ya zo da safe ya sha shayi da burodi kyauta. Mai aski ya ce shi ma haka. Har mai faci ya daina karɓar komai a hannun masu zuwa da keke. Babban abin shi ne rumfar da aka kafa kusa da wurin aikinmu, bayan Azahar a kawo tuwon shinkafa da miya, ka nuna katin aikinka a zuba maka. Na ji labari, na ce Allah ya ba su lada. Amma ni in tsaya a layi da kati a hannu, a gaban mutanen da nake yi wa tsawa saboda ƙuda? Haba, gara in faɗi a hanya. Ko gaban rumfar ban ƙara bi ba, ta bayan masallaci nake zagayawa.

Akwai wata mata mai sayar da abinci a kan hanyar jami'a, mutuniyar ƙasar Zuru, Kirista ce, kowa Mama yake ce mata. Mun sha yin faɗa da ita kan ruwan wanke-wanke da take watsawa a titi. Wata rana ina wucewa da tsakar rana, idona har dishi-dishi yake gani, sai ta ƙwala mini kira.

"Duba-gari! Kwana biyu ka daina duba mu, laifi muka yi? Zo ka duba miyar nan, na canza mai kifi, ban yarda da shi ba."

Na shiga fuska a ɗaure. Ta zubo malmala biyu da miyar kifi, ta ajiye mini a bencin ciki, bayan labule. Na cinye tas, har na suɗe kwano. Na ce kifin ba laifi, amma ta rage manja. Ta ce, "To Malam, za a rage."

Washegari mai ƙosai ta ce in duba mata man da take tuya da shi, ta ƙunso mini a takarda. Mahauci ya ce in tafi da wata tsoka in dafa, in ga ko saniyar lafiyayya ce. Mama kuwa kusan kullum tana da abin da take so a duba. Kuma na yarda! Mutum da gemunsa, da takardar makarantar tsafta a akwati, na yarda cewa garin Kalgo ne ya tashi da son tsafta a dare ɗaya. Na ɗauka ba su san sunana yana allo ba. Har a raina nake cewa, ka ga amfanin kaki.

Ranar da abin ya faru ina zaune bayan labulen Mama, loma a hannu, sai wani akawun sashenmu, shi ma dakatacce, ya ɗaga labulen yana neman ruwan sha. Ya kalle ni, ya kalli kwanon, ya yi wani ɗan murmushi.

"A'a, Malam! Ashe kai naka layin a cikin ɗaki yake."

Ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ajiye lomar, na wanke hannu, na fito ina ɗaga murya don ya ji cewa aiki nake yi. Na shiga bincike da gaske, na buɗe wannan, na kifar da wancan, na zagaya bayan shagon. A can na tarar da wata ƙatuwar tukunya da ban taɓa gani ba, an sauke ta daga murhu, murfi a gefe tana shan iska. Miyar kifi ce cike har wuya. A samanta ƙuda ɗaya ya faɗa cikin mai. Ɗaya tak. Ranar da nake cikin hayyacina, cewa zan yi a ɗebe wurin da ludayi a mayar da ita wuta ta sake tafasa.

"A zubar da wannan," na ce.

Mama ta zaro ido. "Malam, duka?"

"Duka. Yanzu, a gabana."

Kafin nan mutane sun taru, masu babur, 'yan jami'a biyu da suka zo cin abinci, ga akawun nan a tsaye da kofin ruwa. Mama ta buɗe baki za ta yi magana, ta waiwaya ta dubi jama'ar, ta sake dubana, sai ta rufe. Ta ɗaura zanenta da kyau ta ce, "To kama mini, ta fi ƙarfina."

Da hannuna na kama kunnen tukunyar nan. Muka ja ta zuwa bakin kwata muka tuntsurar. Tururi ya tashi, gutsattsarin kifi suka bi ruwan datti, kaji suka rugo. Na karkaɗe hannu, na yi mata gargaɗi kan murfi, na wuce ta gaban akawun kaina a sama.

Bayan La'asar aka yi mini sallama a ƙofar ɗaki. Tsohon masinjan sashenmu ne, Baba muke ce masa, daga Wurogauri yake zuwa kullum a kan keke jiran a kira sunansa. Na ce ya shigo, ya ƙi, ya zauna a dokin ƙofa.

"Ranka shi daɗe, yau dai gaya muka ci."

Ban gane ba. Na ce, "Gaya kamar yaya, Baba?"

"Tuwo ba miya. Ka san tukunyar da ka zubar ta wa ce?"

Sai ya faɗa mini. Miyar rumfa ce. Masunta su kawo kifi da sassafe, masu kayan miya su kawo tumatir da attarugu, mai shinkafa ya auno nasa, Mama ta dafa a bayan shagonta tunda ita ke da babbar tukunya. Yau tuwon ya iso rumfa shi kaɗai. Wasu suka barbaɗa yaji suka tura, wasu suka juya. Wata mata mai shara a asibiti, wadda ba ta ci a wurin sai dai ta zo da kula ta kai wa 'ya'yanta, ta koma da farin tuwo.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa. Na ce, "To me ya hana ta faɗa mini? Me ya hana ta ƙi?"

"In ta ƙi, sai ta faɗi dalili. Sai ta ce ba ka da ikon zubar da ko ruwan kofi, tunda sunanka na allo. Gaban jama'a za ta faɗa maka haka?"

"Ta san sunana yana allo?"

Baba ya dube ni kamar yadda ake duban mara lafiya. "Ranka shi daɗe, wa bai sani ba? Tun ranar farko. Zama suka yi a kanka. Suka ce duba-gari ba zai taɓa zuwa layi ba, ga shi yana ramewa cikin kaki, a san yadda za a yi a ba shi abinci."

Wata biyu kenan garin yana ciyar da ni a baki, ni kuwa ina gaya musu su rage manja. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Na tuna mai ƙosai, na tuna mahauci da tsokarsa, na tuna yadda nake ɗaure musu fuska, sai na rufe idona da hannu. Baba ya hau kekensa ya tafi ban ko iya raka shi ba.

Washegari da hantsi na je wurin Mama cikin tsohuwar jallabiyata. Tana bayan shago tana gyara kifi, ba ta ɗago ba. Na gaishe ta, na ce na zo ba ta haƙuri. Na ce ban san yadda zan gode mata ba da ta rufa mini asiri.

"Kada ka mai da ni mala'ika," ta ce. "Rabi don kai na yi shiru, rabi don ranar da za ka koma aiki ka zo ka rufe mini shago. Jiya sai da na yi kuka, Malam. Ka san wahalar da ke cikin tukunyar nan? Kuma ba ni za ka ba haƙuri ba, ni na ci abinci jiya."

Ta nuna mini itace da haɓa, na hura mata wuta. Na jajjaga attarugu har idona ya yi ja. Da aka yi Azahar muka ɗora tukunyar a baro, ni na tura ta tun daga hanyar jami'a har rumfa, ta tsakiyar gari, kowa yana kallo. Da muka isa ta danƙa mini ludayi.

Layin ya fi yadda na zata tsawo. Malaman makaranta, direbobi, wata ungozoma da ta girme ni, mutanen da na yi shekaru ina gaisawa da su a ofis. Kowa ya miƙo kwano sai in ce, "Ka yi haƙuri da jiya." Wasu suka ce ba komai. Akawun ya ce, "Ƙara mini kifi dai." Matar mai shara ta miƙo kularta ba ta kalle ni ba, na ba ta haƙuri, ba ta amsa ba, ta rufe kular ta tafi, kuma ban ga laifinta ba.

Da layin ya ƙare na miƙa wa Baba ludayin. Na ɗauki kwano a cikin waɗanda aka wanke, na zagaya na tsaya a gaban tukunyar, na zaro katin aikina daga aljihu na miƙa. Baba ya karɓi katin ya duba shi gaba da baya kamar bai taɓa ganina ba, ya mayar mini.

"Malmala nawa?"

Na ce, "Uku, Baba. Yunwa nake ji."