Malam Eudoro da Kujerunsa Biyu

Da hantsin Talata, sha huɗu ga Mayu, ina cikin suyar ayaba mijina Jaider ya shigo ya ce Malam Eudoro Barrios ya rasu, a gindin mangwaronsa, littafi kife a ƙirji. Na yi kuka har ayabar ta ƙone. Amma Malam, tun daga ranar, in na zauna makokinka sai dariya ta riga hawaye zuwa.

Kai ka koyar da mu falsafa da addini da ɗa'a a aji goma da na sha ɗaya. Ranar da ka ga littafin soyayya ɓoye a cikin littafin darasina, ba ka ƙwace ba. Cewa ka yi, "Marledis, ɗaga murya, mu ma muna da zuciya." Muka ƙare darasin muna gardama ko ya dace jarumar ta yi wa mahaifinta ƙarya.

Kana da kujerun katako biyu a gaban allo, ja da shuɗiya. Dokarka ɗaya ce: ba mai ba abokin gardamarsa amsa sai ya hau kujerarsa, ya faɗi ra'ayinsa da kyau, har mai ra'ayin ya ce, "Haka ne." A kansu na san Jaider. Shi ɗan Katolika ne mai taya Fada, limamin cocinsu, hidima, ni kuwa 'yar cocin masu bishara. Ka haɗa mu gardama kan addu'a a gaban siffofin waliyyai. Na hau kujerarsa, na dube shi, maganar ta gudu. Ka ce, "Yarinya, hujjarsa na ce ki duba, ba gashin idonsa ba."

Da maganar aurenmu ta taso bayan shekaru, mahaifina, Baba Crisanto, ya rantse ba zai taka cocin da ke da sassaƙe ba. Mahaifiyar Jaider, Inna Petrona, ta ce auren da ba Fada ya ɗaura ba zaman haya ne. Ni kuma na ce ba zan yi aure ba sai Baba ya riƙe hannuna ya kai ni. A littattafaina na soyayya, a nan ne masoya ke guduwa a kwalekwale. Na zo maka da wannan shawarar, ka ce, "Kwalekwale na yoyo. Turo mini iyayen naku ranar Lahadi, akwai farfesun kifi da rogo."

Sai da suka ƙoshi ka fito da kujerun, da ka roƙo daga makarantar ranar da ka yi ritaya.

Inna Petrona ta hau jar kujera ta ce, "Tsohon nan tsoro yake kada 'yarsa ta durƙusa wa itace ta manta Allah."

Baba ya ce, "A cire 'tsohon', sauran haka ne."

Shi kuma da ya hau shuɗiya ya daɗe yana juya hularsa. Can ya ce, "Ita kaɗai ta reni yaron nan. Yana jariri zazzaɓi ya kusa ɗauke shi, ta kai shi gaban bagadin cocinsu ta yi alkawari. So take ta mayar da shi wurin yana namiji, ta ce na gode."

Inna Petrona ta share ido da gefen siket. "Haka ne, mai taurin kai."

Fada ya ɗaura, Fasto ya sa albarka a tsakar gida. Baba ya kai ni har gaban bagadi, idonsa a ƙasa don kada ya haɗa ido da waliyyai, kai kuwa kana baya kana ƙunshe dariya.

Ranar jana'izarka Baba ya sake shiga cocin, ba wanda ya roƙe shi, kafaɗarsa a ƙarƙashin akwatinka. Da aka gama addu'ar kwana tara, maiɗakinka Mama Etelvina ta aiko mana da kujerun, wai sabon aure ya fi kowa bukatarsu. Gaskiyarta, mun hau su a kan gardamar gishirin miya ma. Sunan jaririn da nake ɗauke da shi ne kaɗai bai kai mu kansu ba. In namiji ne, Eudoro.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe kurakuranka, ya zaunar da kai a inuwa mai sanyi. Mama Etelvina, da 'ya'yanku Nayibe da Ever, Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya ba mu tare da ku.