Yaneth da Linzamin Don Evelio

Yaneth Ocampo ba ta taɓa niyyar zama mai gadin dutse ba. 'Yar mai ɗinki ce a garin Manizales, ta taso tana riƙe wa uwarta bakin yadi, ta karanta ilimin kwamfuta don kawai ta huta da masu cewa "ai ba haka na ce a ɗinka mini ba". Sai ga shi rabo ya kai ta ofishin masu lura da dutse mai aman wuta da ke kusa da garin, inda irin waɗannan mutanen suka fi yawa, ga su da digiri kuma.

Aikinta a baki ba wuya. Na'urori na aiko da girgizar dutsen, kwamfuta na zana ta a layi mai hawa da sauka, jiya a hagu, yanzu a dama. Manhajar da Yaneth ta gina tana ba mutum damar danna linzamin kwamfuta a kan zanen, ya ja, ya saki, yankin da ya zaɓa ya buɗe ya yi girma. Amma ɗan Adam da linzami sai Allah. Wani ya saki yatsa a wajen zanen, manhajar ta yi ta jiransa. Wani hannunsa na rawa, dannawa ɗaya ta zama ja. Haka ta yi ta bi tana toshe ɓaraka, tun ɗanta na goye har ya fara gudu.

Saura Don Evelio, dattijon da ya fi kowa daɗewa a ɗakin lura. Shugabar ofis ta yanke magana: in bai amince da manhajar ba zuwa Juma'a, a jingine ta a koma tsohuwar manhajar da ake aiki da ita.

"'Yata, abin nan naki ba ya yi," in ji shi ranar Litinin.

"Me ya yi maka, Don Evelio?"

"Ba ya yi dai."

Wannan amsa ita ke ci mata tuwo a ƙwarya. Ta zauna a kujerarsa, ta danna, ta ja, ta saki, abu ya buɗe tsaf.

"Ke yake tsoro," ya ce, ya gutsiri arefarsa, wainar masarar da yake karyawa da ita. "Da kin juya baya sai ya nuna mini farin allo."

Ta canza masa linzami. Ta canza waya. Ta sa abokan aikinta suka gwada, kowa ya yi daidai. Ran Laraba ma har ta fara zargin tsohon da ƙeta, ta koma gida ta huce a kan mijinta da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ranar Alhamis haƙurinta ya ƙare. Ta tsaya a bayansa da kofin kofinta, ta ce, "Ba zan taɓa komai ba. Yi in gani."

Ya kai linzamin can ƙarshen dama, ya danna, ya jawo shi hagu. Allo ya yi fari fat.

Yaneth ta dafe kai. Ita ta koya wa manhajar cewa inda aka danna nan ne farko, inda aka saki nan ne ƙarshe. A hannun Don Evelio farkon yana zuwa bayan ƙarshen, to me manhajar za ta nuna? Gyaran layi ɗaya ne: a gwada wuraren biyu, wanda ya riga a lokaci ya zama farko. Kafin kofinta ya huce ta gama. Sauƙin gyaran ma shi ya fi ƙona mata rai.

"Fisabilillahi, Don Evelio, wa ke fara karatu daga ƙarshen layi? Da ka ja kamar kowa, da ban kwana uku ina zagin kaina ba."

Bai ɗago ba. Ya sake ja daga dama, zanen ya buɗe, ya matso da tabarau yana duban girgizar safiyar nan.

"Ku yara kuna farawa daga jiya," ya ce. "Jiya ta riga ta ɗauki waɗanda za ta ɗauka. Shekarar da dutsen nan ya yi aman wuta, laka ta sauko ta binne garinmu, har da uwata da ƙannena ta tafi. Ni yanzu nake tsoro, daga nan nake farawa."

Yaneth ta ajiye kofinta a hankali.

"Je ki ce wa shugaba a bar abin naki," ya ce. "Kuma matsa, kin tare mini haske."