Kuɓewa a Filin Tseren Babura

Abin da ya fara ba ni haushi a aikin nan shi ne ƙasa. Ga rairayi ko'ina a Dubai, amma sai da aka yi ta jigilar jar ƙasa a tifa daga can wajen duwatsu, wai rairayi ba ya riƙe tayar babur. Ni ke tuƙa katafila. Baturen da ya tsara filin ya nuna da hannu, in tara tudu. Ya girgiza kai, in rushe. Wai ƙwararrun 'yan tsere ne za su zo su yi ta tsalle da babura a sama, mutum da ransa da lafiyarsa.

Mai fesa wa ƙasar ruwa wani dattijo ne mutumin Maraɗi, Baba muke ce masa. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Hor Al Anz, gadonsa a ƙarƙashin nawa. Ranar da ya fara fesawa, ƙamshin nan na ruwan farko ya tashi, sai na kasa sukuni. Gida nake so, ba halin tafiya. Kowa ya yi min magana sai in hau shi da faɗa.

Bayan kwana biyu na hango Baba a bayan wani tudu, inda babura ba za su bi ba, yana jefa wani abu a rami yana rufewa da diddige. Irin kuɓewa ne ya samo a wani shago a Al Sabkha.

Na ce, "Baba, a filin mutane? Foman ya gani fa khalas, tamu ta ƙare."

Ya ce, "Ɗana, ƙasa ta jiƙe, hannuna ƙaiƙayi yake. Rabona da shuka tun ba ka fara gemu ba. Fure ɗaya nake so in gani, shi ke nan."

Ta kuwa fito, shar da ita. Muka naɗa shi Sarkin Noman Dubai, muna cewa a ajiye mana ta miya. Amma ni aka bari da fargaba. Da Bature ya ɗaga hannu sai gabana ya faɗi. Ko hutu za mu yi, a gabanta nake ajiye katafila don ta kare ta.

Ana gab da tsere, kuɓewa ta fara alamar fure, sai wani ɗan babur ya gwada filin ya ce lanƙwasar wajen ta yi matsi, a faɗaɗa. Bature ya nuna daidai tudun Baba. Na tabbata ko lura da ganyen bai yi ba.

Na kashe inji na ce ya ƙi tashi. Foman ya ce, "Yalla habibi, yi sauri, in ba za ka iya ba akwai wani direban." Na ƙi motsi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai Baba ya jawo tiyo, ya ba kuɓewar ruwa a tsanake, gindi bayan gindi. Ya naɗe tiyonsa, ya koma gefe, ya ɗago kai ya dube ni.

"Tashe ta, ɗana. Kana da iyali."

Na tada katafila. Bai juya baya ba, yana tsaye yana nuna min hanya da hannu har na gama.