Labule Don Gidajen da Ba Kowa

La Courneuve zuwa Rungis

Tun wayata ba ta yi kiran asuba ba na riga na sauko da ƙullin labule na ƙarshe ta matakala, don asansar ɗin gidanmu, wato lif, ya sake tsayawa. Ni Rabi, mutuniyar Maraɗi, na daɗe a La Courneuve ina ɗinkin labule da rigunan kujera, amma ban taɓa kai aiki nesa da Paris ba sai wannan karon. Ku na gida da kuke ta tambayata yadda tafiyar ta kasance, ga shi na zauna na rubuta, don a waya ba ya faɗuwa.

Aikin na wani mutum ne mai suna Rafael, ɗan Jamhuriyar Dominika. Ƙasarsu tana kan wani tsibiri can a tekun Amurka, Sifaniyanci suke yi. Na san shi ta wajen 'yar'uwarsa Yolanda, mai shagon gyaran gashi a Stains, wadda na yi wa labule bara. Ta ce yana da shagon canji da aika kuɗi a Lyon, ya sayi gidaje uku, duk suna son labule. Ya turo mini awon tagogi ta waya. Da na tambaye shi launin da yake so, sai ya ce, "Kowanne, Madam. A dai ga labule daga titi." Na ɗauka halin maza ne kawai.

Isufu, ƙanen marigayi maigidana, yana kai furanni Lyon daga babbar kasuwar Rungis, shi ya zo ya kwashe ni da kayana. A Rungis muka yi sallah a gefen motar, ma'aikatan dare suna wucewa da amalanke, hucin bakinsu yana tashi kamar hayaƙi.

"Yaya Rabi, yau za ki yi tafiyar amare," in ji shi, yana cusa labulena tsakanin bokitan fure.

Hanya

Muka kama babbar hanyar kudu gari bai waye ba. Ƙamshin furen yana shigowa ta bayan kujera, sanyi-sanyi, har ya sa ni gyangyaɗi. Duk sanda na buɗe ido sai in ga hazo ya kwanta a kan gonaki, bishiyoyi suna tsaye a cikinsa ba a ganin gindinsu. Wajen Auxerre na ga fararen shanu a kan tudu, na rasa ko tafiya suke ko iyo.

A feyaj, inda ake biyan kuɗin hanya, 'yan duwan, wato kwastan, suka ɗaga mana hannu. Suka duba takardun Isufu, suka duba katin zamana, suka sa kare ya shiga bayan motar. Karen ya shinshina furanni ya yi atishawa, har jami'in ya yi dariya ya ce mu wuce. Bayan Beaune muka tsaya a tashar mai. Kofi ɗan mitsitsi kusan yuro uku, sai na fito da filas ɗina na shayi da dafaffen ƙwai, muka karya a cikin mota. Daga nan gonakin inabi ne hagu da dama, ganyensu ya yi ja, har muka shige wani dogon rami a ƙarƙashin dutse. Da muka fito sai ga Lyon, ga ruwa a gabanmu.

Lyon

Shagon Rafael yana unguwar Guillotière, tsakanin mai sayar da waya da wani mahauci Balarabe. Mutum ne mai tsafta, mai sanyin murya, ya gaishe ni da hannu biyu. Na zauna na ɗan jima a shagon, ban ga mai canji ko ɗaya ya shigo ba. Ya miƙo mini makullai uku, sannan ya rage murya.

"Madam Rabi, in kin gama, ki rubuta mini faktir, wato rasit, da ya fi kuɗin aikin. Ninki uku. Maganar haraji ce kawai, kuma zan ƙara miki wani abu."

Na ce masa 'yata ce take buga mini takardun shaidar biya a kwamfuta, sai na koma Paris. Ya yi murmushi ya ce ba gaggawa. Maganar ba ta kwanta mini ba, amma labule ya riga ya ɗinku, Isufu kuma ya sauke mini kaya ya wuce.

Gida na farko da na biyu kusa suke da juna, a bakin kogin Saône. Ban taɓa shiga wuri mai shiru irinsu ba. Fenti sabo, firji yana cikin ledarsa, babu cokali, babu tabarma, babu ko ƙusa a bango. In na taka tsani sai ƙarar ta zagaya ɗakunan ta dawo mini. Hasken ruwan kogin yana wasa a jikin silin, ina rataye labule ina kallonsa, har na riƙa jin kamar ni ma ba na nan, kamar wata ce take mafarkina a Maraɗi. Da na gama na sauko titi na ɗaga kai. Wallahi sai ka rantse akwai iyali a ciki, an sa tukunya a wuta.

Gida na uku yana kan tudu, sai an hau matakalar dutse mai tsawo. Na sa makulli ke nan aka buɗe daga ciki. Wata 'yar tsohuwa ce, baƙa kamar mu, gashinta fari fat, da silifas da rigar sanyi biyu. Ta dafa ƙirjinta ta ce, "Luz." Ta nuna wajen gari ta ce, "Mamá Rafael." Mahaifiyarsa ce. Na ce mata Rabi, na riƙa kiranta Mama Luz.

A gidan nan duka gado ɗaya ne, kujera ɗaya, da murhu. Faransancinta bai fi cikin hannu ba, ni kuma ba na jin nata yaren, amma mun yi hira har la'asar. Ta riƙe mini tsani, ta dafa ayaba ɗanya ta daka ta da man shanu, ta zuba soyayyar albasa a kai. Ta nuna mini da hannu cewa ba alade a ciki, don ta ga ɗankwalina. Na ci har na suɗe cokali.

Da hannu da 'yan kalmomi na gane cewa kifi take sayarwa a garinsu, a bakin teku. Rafael ya ɗauko ta ya ce ta huta. Yakan zo ran Lahadi, wani lokaci da takardu, ta sa hannu, ya sumbaci goshinta ya tafi. Ba ta san kowa a unguwar ba. Kullum takan ja kujerarta bakin taga ta jira hazo ya rufe garin, don in ya rufe rufin gidaje sai ƙasan ya koma mata teku. Ta ja ni na gani. Da magariba hazon ya taso daga kogi, fitilu suka riƙa yawo a cikinsa. Ta nuna su ɗaya-ɗaya tana kiran sunaye, na gane jiragen masuntan garinsu take faɗa.

Na yi niyyar kwana a wani ɗan otal kusa da tashar Perrache, ta kama hannun rigata ta ƙi saki. Na shimfiɗa ragowar yadi a ƙasa. Da na tayar da sallah ita ma ta ɗauko carbinta mai gicciye, kowa ya fuskanci nasa wajen.

Da gari ya fara haske aka buga ƙofa. 'Yan sanda ne, da wata mace a gabansu, da tafinta. Ba su yi ihu ba. Sun duba ko'ina, ba su daɗe ba tunda ba abin dubawa. Macen ta ce an kama Rafael da wasu mutanensa, an rufe shagon. Ana zargin kuɗin hodar iblis ne yake bi ta shagon canjin, a juya shi ya koma gidaje, ya fito kamar na halak. Ta ce zargi ne, alƙali ne zai tantance.

Sannan ta juya wajen tsohuwar, tafinta yana mayarwa. "Kin san gidajen nan uku da sunanki aka saye su?"

Mama Luz ta dubi tafintan, ta dube ni. Ta yi magana a hankali, ya mayar da Faransanci: "Ta ce gidanta ɗaya ne, mai rufin kwano, kuma yana yoyo ta wajen kicin."

Aka tafi da mu kumisariya, wato caji ofis. Ni tawa tambayar ba ta yi tsawo ba, amma katin zamana ya kusa sabuntawa, na san ƙaramin tabo ya isa ya ɓata mini shekarun da na yi. Na nuna musu awon tagogi a wayata, na faɗi maganar faktir yadda ta kasance. Suka rubuta, na sa hannu, suka ce in tafi. Na fito har bakin titi, ga tasha can ina hangowa. Sai na tuna ba mai jiran tsohuwar nan a duk faɗin Lyon. Na koma na zauna a benci.

Sai bayan azahar suka sallame ta. Na kira Yolanda, tana kuka ta ce ita ma an je shagonta an yi mata tambayoyi, amma a kawo mata innarta, Mama Luz. 'Yar sandan ta karɓi adireshin Stains, ta ce tsohuwar za ta iya tafiya muddin za ta amsa kira. Muka koma tudu ta haɗa kayanta. Duka-duka jaka ɗaya ce da tukunyar kofi.

Komowa

A tashar Part-Dieu na saya mana tikitin jirgin ƙasa mai gudu. Tikitin ranar tafiya tsada gare shi, na rufe ido na biya. Na ba ta wajen taga. Jirgin yana tafiya kamar ba ya taɓa ƙasa, ƙauyuka suna zuwa suna shuɗewa da hasumiyar cocinsu, rana tana bin mu ta gefe, ja, ba zafi. Ta yi ta kallon waje har muka yi nisa. Can sai ta taɓa gwiwata, ta harhaɗa Faransancinta da ƙyar.

"Madam. Rafael. Gaskiya ne?"

Na ce, "Ban sani ba, Mama."

Ta jinjina kai. "Ni ma." Sannan ta ɗaga tafin hannunta daidai tsayin kujera, tsayin ƙaramin yaro. "Yana haka, shi yake ɗaukar mini kwandon kifi. Ba ya bari in ɗauka."

Ba ta yi kuka ba. Ta jingina kanta a kafaɗata, barci ya ɗauke ta. Hannuna ya mutu, ban motsa ba har Paris.

Yolanda tana jiranmu a bakin jirgi. Suka rungume juna suna magana da yarensu da sauri. Har sun juya, Mama Luz ta dawo, ta kama fuskata da hannu biyu, ta yi wata doguwar addu'a. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ce amin, na ƙara da Allah ya fitar da ita lafiya.

Na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauka na hau taram, jirgin kan titi, na iso gida ana shirin isha'i. Har yau shari'ar ba ta ƙare ba, ban kuma san abin da za ta haifar ba. Yolanda ta ce tsohuwar tana zaune a shagonta, tana ninke tawul, tana jiran ranar da za a ba ta izinin ziyartar ɗanta.

Na gode wa Isufu da motarsa, na gode wa 'yata da ta tarbe ni da ruwan zafi ba ta yi mini tambaya ba sai da na ci abinci. Godiya mafi girma ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni da sunana yadda na tafi da shi. Ku da kuke gida, in kun idar da sallah, ku sa wata tsohuwa mai suna Luz a cikin addu'a. Ba ta san ku ba, amma za ta ce amin.