Numfashi a Cikin Lasifika

Ina koyarwa a wata firamare tsakanin Kafur da Malumfashi lokacin da amfilifayar, wato na'urar ƙara sautin jita, ta zo hannuna, a farkon shekarun tamanin. Ni ne mai kaɗa jita a cocin ƙauyenmu, amma jitar katako ce, da zarar mata sun ɗaga murya suna buga tulu sai ta ɓace. Mijin yayar matata ma'aikaci ne a kamfanin gurzar auduga a Funtuwa, ranakun hutu kuma yana kaɗa jitar lantarki a wuraren biki. Da ya rasu bayan doguwar jinyar ƙirji, yayar ta aiko in je in kwashe kayan kiɗansa, ta ce ba ta son ganinsu a ɗaki.

Baƙin akwati ne mai lasifika ɗaya, da batirin mota yake aiki. A gabansa akwai maɓallai uku na murɗawa: na ƙara, na kaurin sauti, da na kaifi. Marigayin ya ɗiga jan fenti a gefen kowanne, daidai inda yake tsayar da shi. Na kauri ya kai shi ƙarshe, na kaifi kuwa ya danne shi ƙasa sosai. Da na jona jitar marigayin na kaɗa, sai sautin ya fito a shaƙe, kamar mutum na magana da kansa a cikin randa. Na yi mamakin makaɗi kamarsa ya yarda da wannan.

Wata Asabar da rana na tafi coci ni kaɗai don in gyara. Tsakiyar damina ce, an yi ruwa da safe, masara ta yi tsawo har ta rufe tagogi. Na rage kaurin kaɗan kaɗan, na bugi tsirkiya ɗaya ina saurare. Sannan na murɗa na kaifin ya wuce jan fentin. Nan take sautin ya buɗe. Kowace tsirkiya ta fito da muryarta daban, har ina jin gogar yatsana a kanta. Na daɗe ina kaɗawa don daɗi kawai.

Da na ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin suka yi shiru, sai na ji numfashi.

Na waiga, ba kowa, sai bencina da ɗigar ruwa daga kwano. Na riƙe nawa numfashin, wancan bai tsaya ba. Daga lasifikar yake fitowa, a hankali, ana ja ana saki, kuma a ƙarshen kowane ja akwai ɗan fito siriri. Na mayar da maɓallin ƙasa, ya ɓace. Na ɗaga, ya dawo. Na yi haka sau uku kafin na cire wayar batirin na fita. Ban rufe ƙofar ba ma, sai da na kai bakin rijiya na tuna.

Ban faɗa wa matata ba. Ranar kasuwa na ɗaura akwatin a babur na kai Funtuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da tasha. Ya saurare ni bai yi dariya ba. Ya ce irin waɗannan na'urori sukan kamo tashar rediyo idan waya ta saki, ya sha jin labaran duniya a lasifikar masallaci. Ya kwance bayan akwatin, sai ga tsummoki an cusa a bayan lasifikar, har da tsohuwar singileti. Ya zare su, ya ɗiga dalma a wuri biyu, ya jona. Muka kai kaifin ƙarshe muka kasa kunne. Ba komai sai ƙugin motocin tasha.

Ya ce, "Malam, wanda ya cusa tsumman nan ba gyara ya yi ba. Toshe bakinta ya yi."

Na ce, "Baba, to me ya ji da zai toshe?"

Ya ce shi dai aikinsa waya da dalma ne, ya miƙo mini akwatin.

Ranar Lahadi sautin ya fi na da kyau. A karon farko na ji jita ta hau saman muryoyin mata ba tare da na ƙure ƙara ba, har fasto ya juyo yana murmushi. Bayan waƙa ta biyu ya ce mu sunkuya mu yi addu'a a zuci. Na manta ban rage komai ba. Coci ya yi tsit, sai numfashin ya cika ɗakin, ja da saki, da ɗan fiton nan. Na ɗaga kai na ga mutane suna satar kallon juna, kowa na neman wanda ba shi da lafiya. Na miƙa hannu na kashe. Bayan an tashi, wata tsohuwa ta tare ni a ƙofa, ta ce ta san wannan numfashin, haka ƙirjin ƙanenta ya riƙa yi bayan ya shekara da shekaru yana shaƙar ƙurar auduga.

Wannan maganar ce ta mayar da ni wurin yayar matata. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa mata abin da muka ji, na ce ina tsoron ko numfashin maigidanta ne. Ta ajiye ƙwaryar ta dube ni.

Ta ce, "Malam, ba nasa ba ne. Shi ma ya ji."

Ta ce a hannun wani direban babbar mota mijinta ya samo amfilifayar, kuma tun makon farko ya kira ta ta saurara. Lokacin ƙirjinsa lafiya lau, yana ɗaukar buhu shi kaɗai. Suka yi dariya, ya ce wani ne ke barci a ciki. Daga baya ya daina dariyar, ya sa fenti, ya cusa tsumma. Sai bayan damina biyu ya fara tari. Ta ce ranar da ta kwantar da kunne a bayansa a asibiti, ta ji fiton nan daidai yadda yake a lasifikar, ba bambanci.

Na ce, "Yaya, me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce ta ɗauka da ya rasu ya tafi da numfashin.

Na koma gida ina sauraren kaina. Makonni na yi a haka. Ina tsakiyar rubutu a allo sai in tsaya in ja iska in ji ko akwai fito. Matata ta gane, ta matsa, na faɗa mata duka. Ita ta raka ni asibiti a Malumfashi, likita ya ɗora abin awo a ƙirjina gaba da baya, ya ce ba abin da ya gani. Fasto ya zo gida ya yi addu'a, ya ce kada in bar tsoro ya raba ni da waƙa. Na ci gaba da kaɗawa a coci da jitar katako, akwatin kuma na ajiye shi a ɗakin kayan noma.

Kafin damina ta zagayo gara ta cinye katakon akwatin. Lasifikar kaɗai ta tsira, na kai wa mai gyaran rediyon, ya ce yana da amfani da ita. Wata rana ina jiran mota a tasha ya nuna mini teburin wani mai shayi, ya ce ita ce a cikin rediyon can. Na matsa kusa. Ana karanta gaisuwar masu saurare, muryar ta fito tangaran, mutane biyar na zaune a benci suna tsoma burodi. Na tsaya ina jiran mai karatun ya ɗan yi shiru tsakanin wasiƙa da wasiƙa. Kafin ya yi, kwandasta ya kira Malumfashi, na shiga mota.