Malam Hashimu Mai Wayarin da Jar Motar Alhaji Tasi'u

Da hantsi za ka tarar da Malam Hashimu mai wayarin a gindin darbejiyar bakin hanyar Bagwai, ya shimfiɗa buhu, ya jera filaya da sukundireba, yana kurɓar kunu kamar babu mai jiransa. Ba ya taɓa mota sai ya saurare ta. Yakan lumshe ido ya karkata kai, har direbobin Dawanau su riƙa tsokanarsa wai gyangyaɗi yake. Bana zai ajiye aiki, ido ya fara gajiya, ni kuwa ba zan bari ya tashi daga gindin bishiyar nan shiru ba.

Cikin ayyukansa, na gidan Hajiya Fadima ya fi tsaya mini a rai. Mijinta, Alhaji Tasi'u, yana da tsohuwar jar mota irin ta tsere, mai kujera biyu, marar rufi, wadda ya saya suna amarci. Ta daɗe a rumfa kusa da rumbu, kaji na kwana ƙarƙashinta. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, magana ta ɗauke, sai dai ya wuni yana kallon rumfar daga tabarmarsa.

"Malam, ba tafiya nake so ta yi ba," in ji Hajiya. "So nake ya ji muryarta tun yana ji. Jikin kullum baya yake yi."

Malam Hashimu ya sa batir, ya zuba sabon mai, ya murza makulli. Inji ya yi tari, ya yi shiru. Ya duba wayoyin filogi, ya gan su tsaf kamar kitson sallah.

"Hajiya, wa ke taɓa waɗannan?"

"Ni ce. Duk kaka nake cire su in adana a kwalla saboda ɓeraye. In an gama sussuka in mayar da su a jere."

Da wani ne, da ya yi dariya. Shi kuwa cewa ya yi, "Ba don ke ba da tuni sun shiga cikin ɓera. Sai dai wuta ba a jere take bi ba, kowane filogi da lokacinsa."

Ya mayar da kowace waya gurbinta. Mota ta tashi, amma tana ɗingishi, tana haki. Hajiya ta girgiza kai ta ce ba muryarta ba ce wannan. Alhaji ya juya fuska wajen bango.

Nan Malam ya roƙi aron bargo. Da rana tsaka ya lulluɓe kansa da injin gaba ɗaya, injin na ci. A cikin duhun nan, ya ba ni labari, ya ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga tsagun wayoyi kamar taurari, har ya so ya manta abin da ya kawo shi. Wutar a hanya take zubewa. Jim kaɗan injin ya mutu, ya taɓa koyil, mai aika wa filogi wuta, ya ji zafi jau. Ya naɗa masa jiƙaƙƙen tsumma, mota ta sake tashi, ya gane koyil ɗin ma ya gaji.

Kai ne, Malam, ka rufe wurin aikinka ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa, ka bi shago shago kana tonon tsofaffin kaya har ka samo koyil da wayoyin da suka dace. Kai ne ka ƙi tsayawa cin abinci a hanya, don ka san ba motar ce ke sauri ba.

Da la'asar sakaliya ya murza makulli. Murya ta fito sumul, mai kauri, ta cika gidan ta fita har cikin gero. Alhaji ya juyo a hankali. Bakinsa ya yi ta motsi, sannan da harshe mai nauyi ya ce, "Fadima, ɗauko mayafinki."

Ta ɗauko, tana kuka. Aka ɗaga shi aka zaunar a mazaunin direba, ta zauna gefensa, mota na ci a rumfa ba ta motsa ba. Malam Hashimu ya tattara kayansa ya fice ba sallama, don kada ya katse musu tafiya. Alhaji bai kai kaka ba.

Mun gode, Malam Hashimu, mai kunnen gyara. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya haskaka idonka. Ku kuma masu riƙe da filaya a yau, in an kawo muku tsohon ƙarfe, ku fara tambayar wa ke jiransa a gida.