Makarar Baba Gado

Gashina ya yi fari a cikin ƙurar dilolin gwanjo, abubuwa da yawa sun shige mini, amma ranar da muka ɗauki Baba Gado zuwa makwancinsa ta ƙi barin zuciyata. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya kuna ganina ina ɗaukar abu in juya shi, in ƙwanƙwasa, wani lokaci har in sa a huda, kuna zunɗena wai tsufa ya sa ni mita. Ba tsufa ba ne. Ku ja benci ku ji.

Ga wanda bai san aikinmu ba, magazar Alhaji Mudi, wato babban ɗakin ajiyar kayansa da ke unguwar Hanoukopé a nan Lomé, kayan gwanjo take saukewa daga Turai. Kontena ta fito daga tashar jirgin ruwa, 'yan dako su sauke, masu tantancewa su buɗe su raba kashi uku. Zaɓin farko, wanda muke kira firimiye, shi ne mai sheƙi marar tabo, kamar ba a taɓa amfani da shi ba. Na biyu mai ɗan rauni ne. Na uku kuwa sai mai tsautsayi. Sama da masu tantancewa akwai mai kula da magaza, ni ke nan a lokacin, sama da ni sai Alhaji. Ƙaninsa Habu ne ke cika kontenar daga can Turai, kuma Habu ba ya barin rami. Duk inda ya ga fili tsakanin firiji da dila sai ya cusa wani tarkace.

A haka siki ya fara zuwar mana. Wani dogon falanki ne siriri, ya kai tsawon mutum, bakinsa a lanƙwashe, gefensa da ƙarfe mai kaifi. Nasara ke ɗaura shi a ƙafa ya sulalo daga kan dutse a lokacin dusar ƙanƙara. To mu a Lomé ina muka ga ƙanƙara in ba a cikin firiji ba? Ba mai saye. Duk da haka muna raba shi kashi uku kamar yadda muke raba riguna, don hannu ya saba, sannan mu jingine a lungu.

Baba Gado shi ne babban ɗan dakonmu. Mutumin Nijar ne, ya zo Lomé tun yana saurayi, ya kama ɗaki ɗaya a Zongo kusa da gidana. Matarsa ta rasu da daɗewa, ba su haihu ba, kuma ban taɓa ganin wani ya zo ya ce shi ɗan'uwansa ne ba. Abu biyu aka san shi da su. Na farko, bai taɓa yar da kayan kowa ba, ko madubi ne ko akwatin talabijin. Na biyu, ba a jana'iza a unguwarmu ba tare da kafaɗarsa a ƙarƙashin makara ba, gaba ta dama, ko ya san mamacin ko bai san shi ba.

Wata rana hannayen kurarsa suka karye, kurar nan ta turawa da ake kira pusu-pusu. Ya je wurin Fo Kossi, kafinta ɗan ƙabilar Ewe da ke bayan magaza. Fo Kossi ya leƙo lungunmu ya ce a ba shi siki ya gwada. Na ba shi daga cikin na uku, waɗansu baƙaƙe masu nauyi, duk sun kuje, sunan da ke jikinsu ma ya goge. Ya haɗa su bibbiyu, ya tsayar da su a kan gefe, ya ɗaure da noti, suka zama ƙashin bayan kurar tun daga gaba har hannu. Kurar nan ta yi shekaru tana cin buhun shinkafa da firiji, rana ta doke ta, ruwa ya doke ta, ko gezau. Daga nan magana ta bazu cewa siki ba ya karyewa. Mu duka muka yarda, don mun gani da ido.

Ana nan sai makarar masallacin unguwarmu ta lalace. Ta ƙarfe ce, iskar teku ta cinye ta da tsatsa. Alhaji Mudi ya ɗauki nauyin yin sabuwa sadaka, ya kira ni ofis.

"Malam Isa, a ba Fo Kossi siki ya yi wa masallaci makara."

Na ce, "To, Alhaji. Irin na kurar Gado?"

Ya ɓata rai. "Haba, Malam Isa. Abin da zan ba Allah ne zan ɗauko daga shara? Ka fitar da firimiye."

Ba wanda zai ga laifinsa. Haka aka koya mana tun a makarantar allo, in za ka bayar ka bayar da mai kyau. Kuma mai kyau a wurin ɗan gwanjo shi ne mai sheƙi. Na fitar da waɗansu farare tas masu ratsin shuɗi da ja, da tutar Faransa ɓaro-ɓaro a jiki, ba ko ƙwarzane. In ka ɗaga sai ka ce kara ka ɗauka.

Da Fo Kossi ya fara huda su sai ya zo da gari a tafin hannunsa. Ya ce wa Alhaji, wanda yake kira Patoro, wato maigida, "Patoro, duba. Na Gado, na huda, katako yana fita. Wannan, na huda, gari fari yana fita. Ciki ba katako."

Alhaji ya yi dariya. "Sabon yayi ne, Fo. Nasara ya ci gaba. Ba ka ji rashin nauyi ba?"

Fo Kossi ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Bon, Yovo ya san abinsa." Yovo shi ne Nasara a yarensu. Shi ma bai kawo komai a ransa ba, ni ma haka. Tun da siki ɗaya bai kai tsawon makara da hannayenta ba, sai ya goya ɗaya a kan ɗaya a tsakiya, ya huda ya ɗaure da noti a kowane gefe, ya shimfiɗa katako. Ranar da aka kai ta masallaci mutane har layi suka yi don su ɗaga su ji. Baba Gado ya ɗaga da hannu ɗaya ya ce, "Kai! Wannan ai har mamacin zai ji daɗi." Aka ajiye ta a ɗakin da ke gefen masallaci, ƙarƙashin kwano mai yoyo, kuma duk an dawo daga maƙabarta sai a wanke ta da ruwa. Ta kai mutane da dama lafiya.

Gado ya tsufa, ƙirji ya fara ba shi wahala. Ya bar magaza ya dawo da kurarsa Zongo yana ɗan jan jarkokin ruwa, daga baya ko wannan ya gagara. Wani yammaci na kai masa koko na same shi a kan tabarma, numfashi da ƙyar. Ya riƙe hannuna.

"Isa, ba ni da kowa a garin nan sai ku."

Na ce, "Muna nan, Baba."

"Na ɗauki kayan mutane, na ɗauki gawar mutane, ban taɓa kayar da ko ɗaya ba. Ba na roƙon komai. In ta zo, ku ɗauke ni da kyau. Kai za ka kama gaba ta dama."

Na ce masa in sha Allahu, na yi alkawari. Wallahi a raina na ɗauka alkawari mafi sauƙi ke nan da na taɓa yi.

Cikin damina ya rasu, bayan an kwana ana ruwa. Kun san Zongo in ta sha ruwa. Motar gawa ta tsaya can bakin kwalta, direba ya ce ko keke ba zai shiga lungunanmu ba, sai dai a kawo shi a kafaɗa. Aka yi masa wanka, aka sallace shi da hantsi. Jama'a ta cika maƙil, 'yan dako daga kasuwa, 'yan zemijan sun ajiye baburansu, har Fo Kossi ya zo ya tsaya a gefe da hularsa a hannu. Na kama gaba ta dama. Muka shiga taɓo, ana kalmar shahada ƙasa-ƙasa, ƙafa na nutsewa har idon sawu.

Mun yi kamar rabin tafiya, sai wanda ke bayana ya zame, makarar ta ɗan girgiza. Girgizar da ba ta kai ta kawo ba. Sai na ji ƙara a saitin kunnena, ɓas, kamar an karya busasshen rake. Gefenmu ya rabe biyu daidai inda notin yake. Kafin mu ankara ɗaya gefen ma ya bi. Na saki hannun makarar na kai wawura, na samu kansa na rungume a ƙirjina, amma sauran jikinsa ya tafi. Na ji faɗuwarsa a cikin taɓo. Har gobe ina jin wannan ƙarar.

Sai salati ya ɓarke. Ƙarfen gefen sikin ya tsage ya yanke wa wani ɗan dako hannu, jini na zuba a kan likkafani, ya haɗu da jar laka. Ni ina durƙushe a ruwa da kan Baba Gado a cinyata, ina kuka kamar yaro, ina cewa, "Ka yafe mana, Baba." Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Alhaji Mudi kuwa ya tsaya kamar an dasa shi.

Liman ne ya dawo da mu hayyacinmu. Ya ce, "Ku rufe shi. A shiga da shi zauren nan, a kawo sabon likkafani. Sallar da aka yi masa ta wadatar." Masu gidan suka buɗe, aka shiga da shi a hannu. Ni na koma na ɗauki guntun sikin na duba. Fatar waje na nan da sheƙinta, tutar ma ba ta koɗe ba. Ciki kuwa wani soso ne rawaya, ya sha ruwa ya ruɓe, ina taɓawa yana marmashewa kamar garin rogo.

Aka rasa abin ɗauka. Wani ya ce ai kurar marigayin na ƙofar ɗakinsa, a ɗora shi a tura. Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Buhu ne shi? Wallahi ba za a tura shi ba. A kafaɗa zai tafi." Fo Kossi ya ari sifana wurin mai gyaran babur, ya nufi kurar da yara suka riga suka jawo, ya kwance ƙafafunta. Aka wanke katakon, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kwantar da Baba Gado a kan baƙaƙen sikin nan da ya yi shekaru yana riƙewa. Nauyi kamar me. Kafaɗata ta yi kwanaki tana ciwo. Amma ko motsi ba su yi ba har muka kai mota, har muka kai bakin kabari.

Bayan sadakar uku Alhaji ya kira Habu a waya a gabana, yana faɗa kamar zai fasa wayar. Habu ya ce a ba shi lokaci ya tambayi Nasaran da ke sayar masa. Abin da ya dawo da shi shi ne nake so ku riƙe. Ashe siki kan zo da suna ɗaya, tuta ɗaya, amma ba masana'anta ɗaya ba. Masu tsadar ana yinsu ne a tsofaffin masana'antu na ƙasashen duwatsu, irin su Ostiriya, inda masu yin su ma a kansu suke yawo. Katako ake jerawa sala-sala a ciki, a matse da gam, shi ya sa suke da nauyi, kuma mai su ba ya rabuwa da su sai sun kuje. Masu arha kuwa, na 'yan koyo, sau da yawa kwangilarsu ake bayarwa can wata ƙasa inda aiki ke da sauƙin kuɗi, a ce a yi da yawa, a tsiyaya soso a ciki. Tutar ta inda aka zana shi ce, inda aka ƙera shi an rubuta ƙanana a gindi. Habu ya ce ba laifin ƙasar ba ne, abin da aka ce su zuba suka zuba. Irin wannan ko a garin sanyi ba ya daɗewa, ɗan koyo ya hau kaɗan ya jefar, shi ya sa yake iso mana ba tabo. Mu kuma muka huda shi, muka ba shi zafin kwano da ruwan wanki.

Na ce wa Alhaji, "Wato kujewar nan da muke raina ita ce shaidar ya yi aiki bai karye ba."

Ya kifa kansa a tebur. Tun daga ranar bai sake shiga sahun masu ɗaukar makara ba, sai dai ya bi daga baya, har Allah ya ɗauki ransa.

Aikinmu aikin ido ne, da ido muke ci, ban hana ku ba. Riga ku duba sheƙinta, takalmi ku duba tabonsa. Amma duk abin da zai ɗauki nauyin mutum, tsani ne, kujera ce, gadon jariri ne, ku juya gindinsa ku ga inda aka ƙera shi, ku ji nauyinsa, in kafinta ya zo muku da gari a hannu kada ku yi masa dariya. Waɗanda suka yi abin nan ba su san da mu ba, ba su san me za mu ɗora a kai ba, kuma ba za su taɓa jin labarin Gado ba.

Kurar ba a mayar mata da ƙafafunta ba. Ita ce makarar masallacinmu har yau, Fo Kossi ya yi mata gefe ya shafa fenti. Samari suna ƙorafi wai ta cika nauyi, a sayo ta zamani. Ni dai in an fito da gawa nakan matsa in kama gaba ta dama, duk da gwiwar nan tawa. Mutumin da ya yi rayuwarsa bai yar da kayan kowa ba, abu ɗaya ya roƙe mu, mu kuma muka yar da shi a taɓo.